Yadda Ake Zaɓar Tayar Kwalta da Daji Ga Hilux Ko Jif

Kuɗin tayoyi huɗu masu kyau na Hilux a yau ya isa a sayi sa a kara. Duk da haka sai ka ga mutum ya shiga shago, ya nuna wadda haƙoranta suka fi kauri, ya ce a ɗaura, bai sunkuya ya karanta ko harafi ɗaya a jikinta ba. Ni sana'ata sayen hatsi da riɗi ce a kasuwannin ƙauye. Motata rabin rayuwarta a kwalta take yi, rabi a burji da yashi da bakin fadama. Abin da wannan yawo ya koya mini shi ne, kusan duk bayanin da mai saye yake bukata a rubuce yake a gefen tayar da kuma jikin ƙofar motarsa. Zanen tayar yana da amfani, amma akwai abubuwa uku ko huɗu da ke gaba da shi. Ga yadda nake bi idan zan canza taya.

Fara da hanyar da kake bi kullum

Zauna ka tuna tafiye-tafiyenka na wata ukun da suka wuce, ka faɗa wa kanka gaskiya: a cikin goma, nawa ne ka sauka daga kwalta? Amsar nan ita za ta raba maka gardama, domin tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne, kowace da tambarinta a jiki.

Mai tambarin H/T ta kwalta ce. Zanenta ƙanana ne a matse, ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, kuma tana kama birki da kyau idan an yi ruwa. Mai M/T ta taɓo ce, haƙoranta manya da wagegen fili a tsakaninsu, tana cizon ƙasa tana watsar da laka. Amma da ta hau kwalta sai ta riƙa kuka kamar injin niƙa, tana saurin cinyewa, birkinta kuma a jiƙaƙƙen titi bai kai na sauran ba. Mai A/T, wadda ita ce zancenmu, tana tsakiya: tana tafiya lafiya a kwalta, tana jure tsakuwa da burji, tana fita daga yashi da taɓon da bai yi zurfi ba. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya fara fito da irinta mai ginin radiyal, wato wanda zaruruwan cikin tayar ke ratsa ta daga gefe zuwa gefe, a 1976, yanzu kuwa da wuya ka samu kamfanin taya da ba ya yin tasa.

Idan Prado ɗinka daga gida sai ofis sai Kano zuwa Abuja, sau ɗaya ko biyu a shekara kake leƙa ƙauye, tayar H/T ta ishe ka, kuma za ta fi kare ka a damina. Idan uku ko huɗu cikin goma a wajen kwalta kake yi, A/T ce taka. M/T kuwa sai wanda aikinsa ke cikin laka tsundum, kamar mai ratsa baƙar ƙasar firgi ta Borno da damina, ko mai shiga fadamun Haɗeja da Nguru lokacin da ruwa bai gama janyewa ba.

Ita kanta A/T ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai sauƙi wadda ta fi karkata ga kwalta, irin su Yokohama Geolandar A/T G015 da Dunlop Grandtrek mai tambarin AT. Akwai kuma mai taurin gefe da manyan haƙora wadda ta fi karkata ga daji, irin su BFGoodrich KO2. Wanda ke hawa tsaunin Mambilla daga Serti zuwa Gembu da lodi, da wanda ke bin burjin gonarsa ranar Asabar kawai, duk A/T za su saya, amma ba iri ɗaya ba.

Buɗe ƙofar direba

A jikin ginshiƙin da ƙofar direba ke rufuwa a kai akwai 'yar takarda da kamfanin motar ya manna. Ita ke ɗauke da girman tayar da aka ƙera motar da shi da kuma yawan iskar da za a sa. Ɗauki hotonta da waya kafin ka tafi kasuwa. Idan ta ɓare ko fenti ya rufe ta, duba littafin motar. Kada ka dogara da tayar da ke ƙarƙashin motar yanzu, musamman idan na-hannu ka saya, don ba ka san abin da mai ita na da ya ɗaura ba.

A ce ka ga 265/65R17, girman da yawancin Hilux na zamani da Prado ke zuwa da shi. Lambar farko, 265, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, tsayin gefen tayar ne daga bakin rim zuwa zane, amma ba a milimita ba: kashi 65 cikin 100 na faɗin take nufi, wato kusan milimita 172. Harafin R yana nufin ginin radiyal. Lambar ƙarshe, 17, faɗin rim ne a inci. Wasu Hilux na aiki suna zuwa da 205R16C, Land Cruiser babba kuma sau da yawa 285/65R17 ko 285/60R18.

Lambar tsakiyar nan ka riƙe ta da kyau. Gefe mai tsayi shi ne katifar motarka a mugun hanya, shi ke shanye rami kafin bugun ya isa rim. Shi ya sa nake jin takaicin ganin an cire rim 17 daga jif an sa 20 ko 22 da 'yar siririyar taya don ado, alhali motar ƙauye za ta shiga. Rami ɗaya mai kaifin baki zai tsinke gefen tayar ya lanƙwasa rim ɗin a lokaci guda.

Nauyin da tayar za ta iya ɗauka

Nan ne aka fi yin asara, nan ne kuma aka fi rasa rai. Bayan lambobin girma za ka ga wata lamba da harafi, misali 112S ko 112T. Lambar 112 ba kilo 112 take nufi ba, alama ce da ake dubawa a jadawali: 110 na nufin kilo 1,060, 112 na nufin kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 120 kuma kilo 1,400 ga kowace taya ɗaya. Harafin kuma iyakar gudun da tayar za ta jure ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Kada lambar nauyin sabuwar tayarka ta gaza wadda ke kan takardar ƙofa. Ta fi, babu laifi. Ta gaza, bar ta a shago ko da rabin kuɗi za a ba ka.

Sai kuma ginin tayar. Girma ɗaya, suna ɗaya, zane ɗaya, amma za ka iya samun kala biyu. Ɗaya ginin motar fasinja ce, gefenta da laushi, ba ta da nauyi, motar tana tafiya sumul. Ɗayar kuma tana da haruffan LT a gaban lambobin, kamar LT265/65R17, an yi ta ne don motar lodi. Gefenta ya fi kauri, ƙaya da kututture ba sa saurin huda ta, tana kuma karɓar iska mai yawa. A jikin LT za ka ga lambar nauyi biyu, kamar 120/117. Ta farko ce taka, ta biyun ta motocin da ke haɗa taya biyu a gefe ɗaya ce.

LT ɗin ma hawa-hawa ce. Akwai ajin C da ake kira mai fulai shida, D mai takwas, E mai goma. Idan mai shago ya ce maka "Alhaji, wannan fulai goma ce," ba yana nufin zare goma aka jera a cikinta ba, ƙarfinta ne aka kwatanta da tayoyin da. Ajin C galibi iyakar iskarta psi 50 (psi ma'aunin iskar taya ne), D 65, E 80. Ka lura kuma, harafin C da ke ƙarshen 205R16C wani abu ne daban: yana nuna tayar motar kasuwanci ce, kuma yawancinsu fulai takwas ne.

To wace za ka ɗauka? Idan akori-kura ce da ke ɗaukar buhuna kowace ranar kasuwa, LT ba abin tattaunawa ba ne. Buhun masara goma tan guda ne, kuma kusan dukkan wannan nauyi a kan tayoyin baya biyu yake sauka, a kan burji mai zafi da ramuka. D ko E za ka nema. Idan kuwa jif ce ta iyali, ajin E zai sa motar ta riƙa dukan ƙashin baya a kowane ɗan gargada, ya ƙara mata shan mai saboda nauyi, ba tare da ka amfana da ƙarfin ba. Ginin fasinja mai lambar nauyi daidai, ko LT ajin C, ya fi dacewa da ita.

Abu ɗaya da nake so kowane mai ɗaukar kaya ya ji: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan guda ba, har da kai da yaran mota a ciki. Ka sa mata fulai goma, sifirin ɗinta da birkinta da aksul ɗinta na baya, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafafun, suna nan yadda suke. Na sha ganin an ɗora buhu goma sha biyar ana cewa ai tayar za ta ɗauka. Tayar ta ɗauka, birki ne ya kasa tsayar da su a gangara.

Sha'awar ƙara girma

Kusan kowa yana so motarsa ta ɗan ƙara tsayi, kuma mai shago zai ƙarfafa maka gwiwa. Yi lissafi tukuna. Tayar 265/65R17 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 776 ne. Ta 265/70R17 kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa kawai cikin motar zai tashi daga ƙasa, wato kusan milimita 13, bai fi kaurin ɗan yatsa ba. A madadin haka, mitar gudunka za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da fiye da kashi 3 cikin 100, motar za ta ɗan rage kuzarin tashi, mai zai ɗan ƙaru. Wannan mataki ɗaya ne, kuma motoci da yawa suna karɓar sa. Idan ka haura zuwa 285/70R17, tsayin ya kai kusan 831, ƙarin kashi 7 cikin 100 ke nan, a nan ne tayar ke fara gugar jikin mota idan ka karya sitiyari gaba ɗaya ko ka faɗa rami da lodi, sai an ɗaga motar ko an yanke wani abu.

Idan ka nace sai ka ƙara, sa a ɗaura guda ɗaya a gaba kafin ka biya, a sauke jak, ka karya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ka zura hannu ka ji tazarar da ta rage. Ka kuma gwada ko sabon girman zai shiga mazaunin safaya a ƙarƙashin mota. Ni dai a girman kamfani nake tsayawa, saboda shi ne zan samu a kowane gari idan ɗaya ta lalace.

Yanzu duba zanen

Tsuguna ka sa hannu. Abin farko, filin da ke tsakanin haƙora. Idan ya yi faɗi, tayar za ta fi zubar da taɓo, amma za ta fi ƙara a kwalta. Idan ya matse, za ta yi shiru, amma laka za ta cike shi nan da nan ta mayar da tayar kamar sulɓaɓɓiya. Duba cikin ramukan ko akwai 'yan ƙananan tudu a ƙasansu. Aikinsu tunkuɗo tsakuwa waje ne, don tsakuwar da ta maƙale tana ci gaba da nutsewa har ta kai ga wayar tayar. Mai bin burji kullum ya kula da wannan.

Na biyu, 'yan siraran tsage-tsagen da ke kan kowane haƙori, kamar an ja reza. Su ne ke kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Haƙori babba sumul marar tsaga yana da kyan gani, amma ranar da aka yi ruwan farko, ƙura da man da suka kwanta a titi suka jiƙe, santsi zai yi. Mu a nan haɗarin tayar daji ya fi faruwa a kan kwalta a damina fiye da cikin dajin kansa.

Na uku, kafaɗa da gefe. Tayar A/T ta ƙwarai haƙoranta suna gangarowa kaɗan zuwa gefe, robar wurin kuma da kauri. A gonakin da aka sare itatuwa, kututturen da ya ɓuya a ciyawa gefe yake yanka, ba zane ba, haka ma ƙayar aduwa da bagaruwa. Hujin da ke kan zane ana facinsa. Yankan gefe kuwa ya kashe tayar. Masu faci suna ƙona shi su toshe, ya riƙe iska, amma zaren da ya tsinke a ciki ba ya komawa, kuma bai kamata irin wannan taya ta sake gudu da mutane a babban titi ba.

Ga masu yashi, irin na Yusufari da Machina ko hanyoyin da suka wuce Agadas, manyan haƙora ba su ne mafita ba, sau da yawa ma haƙa rami suke yi motar ta kafe. A yashi rage iska ke aiki, zan zo kansa. Alamar tsauni mai kai uku da ƙanƙara a ciki da za ka gani a wasu tayoyi ta ƙasashen sanyi ce, kada a ƙara maka kuɗi a kanta. Wadda ta shafe mu ita ce inda aka rubuta TEMPERATURE da harafin A, B ko C, wato jure zafi. A ce ta fi, kuma a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kada ka sauka ƙasa da B. Tayoyin LT da yawa ba sa ɗauke da wannan rubutu, rashinsa a jikinsu ba aibi ba ne.

A cikin shago

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke kasuwanninmu daga waje take zuwa. Ta yi tafiyar jirgin ruwa, ta kwana a sito, wani lokaci ta shekara a rana a ƙofar shago. Roba kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba.

Don haka nemi haruffan DOT a gefen tayar kusa da bakin rim, ka bi jerin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1524 na nufin mako na 15 a shekarar 2024. Sau da yawa gefe ɗaya ne kawai ke ɗauke da cikakkiyar lambar, idan ba ka gani ba juya tayar. Duba kowace ɗaya, kada ka duba guda ka yarda da sauran. Lambobin suna zaune ne a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, wannan na asali ne. Abin da za ka shafa da yatsa ka nema shi ne alamar kankara, ko roba da aka manna, ko lamba ɗaya da ta bambanta da 'yan'uwanta.

Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya na sayi tayoyi huɗu a wani shago, suna ƙyalli, zanensu cikakke, farashin ya yi sauƙi. Mai shagon ya ce, "Alhaji, sabbin sauka ne." Bazara ɗaya suka yi gefensu ya fara tsattsagewa kamar busasshiyar fadama. Wata rana muna dawowa da riɗi, ta baya ta dama ta yi bindiga, zanen ya ɓare gaba ɗaya ya doki jikin motar. Allah ya tsare ba gudu nake ba. Muna jiran a ɗaura safaya ne yaron motata ya nuna mini lambar, sai ga shi tayar ta shekara shida kafin ma in saye ta. Har yau idan na tuna akwai mutum uku a motar ranar, gabana faɗuwa yake.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa suna faɗakar da direbobi cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar ƙera ta, kuma suna duba wannan lamba a hanya. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Da irin zafinmu, ni ba na sayen wadda ta wuce shekara ɗaya da ƙerawa, don kowane watan da ta yi a shago daga cikin kuɗina aka cire shi.

Bayan kwanan wata, duba bakin tayar, inda take kama rim. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a haɗe, don rage kuɗin kwantena, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irinsu. Tayar da aka yi wa haka wayar bakinta tana lanƙwashewa. Tsayar da ita a ƙasa ka duba ko bakin ya zagaye daidai, ka zura hannu ciki ka shafa ko akwai ninki, tsaga ko faci.

Tayar gwanjo, wadda ake kira Baljiyam, dokar Nijeriya ta hana shigo da ita, amma ga ta nan ko'ina. Na san halin da ake ciki na kuɗi, ba na zargin wanda ya saya. Sai dai ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba, wasu kuma an sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi don su yi kamar sababbi. Sabuwar taya mai sauƙin kuɗi daga kamfanin da aka sani, kamar Maxxis ko Triangle ko Sailun, mai sabon kwanan wata da lambar nauyi daidai, ta fi mini babban suna na gwanjo. Karɓi rasit da aka rubuta girman tayar da lambar kwanan watanta a kai.

Guda nawa?

Huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, in da hali biyar har da safaya. A motoci irin Prado da Land Cruiser babba, waɗanda ƙafafunsu huɗu ke ja koyaushe, wannan dole ne, domin taya ɗaya da ta fi sauran tsayi tana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Hilux, wadda sai ka sa giyar taimako ƙafafun gaba ke ja, ta fi haƙuri, amma ko ita kada a haɗa iri biyu a aksul ɗaya, wato gaba biyu ko baya biyu. Idan biyu kawai aljihu zai ɗauka, a sa sababbin a baya. Mutane da yawa gaba suke sa wa, amma idan baya ya zame a jiƙaƙƙen titi motar juyawa take yi, kuma sitiyari ba ya ceto.

Wajen ɗaurawa

Tsaya a kansu. A canza bawul, kuɗinsa kaɗan ne, tsohon kuma shi ke satar iska. Idan akwai ɗigon rawaya a gefen tayar, a daidaita shi da bawul, don nan ne wurin da ya fi rashin nauyi a jikinta. Idan akwai kibiya ko rubutun da ke nuna gefen waje, a bi shi. A yi balansin ga dukkansu, domin tayar A/T nauyi gare ta, ɗan bambanci kaɗan zai sa sitiyari rawa. Daga nan a wuce alaimen ranar, ba sai mako mai zuwa ba. Idan akwai abin da ya yi lako-lako a ƙafar gaba, bakanike ya gyara kafin alaimen, in ba haka ba sabuwar tayar gefe ɗaya za ta cinye. Kada yaro ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle a kan noti. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sake bin notin ka ji ko sun saki.

Iska

Sayi gejinka na auna iska ka ajiye a mota, don na masu faci kowanne da abin da yake nunawa. Auna da safe kafin motar ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Lambar da ke kan takardar ƙofa ita ce madogara. Wadda aka rubuta a gefen tayar iyaka ce, ba abin da za a sa kullum ba. Idan takardar ta ba da lamba ta daban ga cikakken lodi, ƙara wa na baya kafin ka ɗora kaya.

Idan ka koma LT daga ginin fasinja, lambar ƙofa ta yi mata kaɗan, domin LT tana bukatar iska fiye da ɗayar kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Hanyar da nake gwadawa ita ce alli. Ja layi mai kauri a faɗin zanen daga kafaɗa zuwa kafaɗa, tuƙa miƙe a shimfiɗaɗɗiyar kwalta 'yar tazara, sauko ka duba. Idan tsakiya kawai ya goge, iska ta yi yawa. Idan gefe da gefe suka goge tsakiya ya rage, ta yi kaɗan. Idan layin ya goge bai ɗaya, ka samu.

Akwai al'adar da ke kashe mutane, ta tsayawa da rana a rage iska wai don kada zafi ya fasa taya. Iskar taya tana ƙaruwa kaɗan idan ta ɗau zafi, kuma an ƙera ta da sanin haka. Ƙarancin iska ne ke sa gefen tayar lanƙwasa a kowane juyi, ya tara zafi har ta yi bindiga. Kada ka rage iskar taya mai zafi idan kwalta za ka ci gaba da bi.

Yashi ne inda ragewa sosai ke da amfani. Sauke ta zuwa psi 18 ko 20, tafin tayar zai miƙe ta hau saman yashin maimakon ta nutse. Tafi a hankali, kada ka karya sitiyari da ƙarfi don tayar na iya fita daga bakin rim, kuma kada ka sauka ƙasa da 15 sai in kafewa ka yi. Da ka fito, mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Ɗan famfon iska mai aiki da batirin mota shi ke sa wannan ya yiwu, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya. A cikin ramukan zane akwai 'yan gadoji na roba masu tsayin milimita 1.6, idan zane ya sauko daidai da su tayar ta ƙare. Tayar A/T kuwa tun kafin nan take daina cizon taɓo, don haka ni da zanen ya sauko wajen milimita 4 nake fara tanadin kuɗin wasu, in kuma daidaita sayen ya faɗo kafin ruwan farko.